Idan an hana motar fetur a Turai, ina za ta dosa?

Wani dillalin motocin hannu ne ya yi tambaya: "Malam, kullum muna jin Turai da wasu jihohin Amurka za su hana motar fetur da ta dizal. Wannan zai karya farashin tokumbo ne, ko tsada zai jawo? In ci gaba da zuba jarina a motocin fetur, ko in fara juya akala?"

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Kada ka janye jarinka daga motocin fetur, domin za a daɗe ana sayensu a wajenmu. Amma kuma kada ka zauna jiran ranar da Turawa za su zubar da motocinsu a yi ta kwasa a banza, wannan ranar ba za ta zo yadda ake ba da labarinta a majalisa ba. Abin da zai canza shi ne irin motar da za ta riƙa isowa hannunka, kuma canjin ya riga ya fara.

Na daɗe ina bin farashin motocin hannu da hanyoyin da suke bi daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma abin da na tabbatar shi ne dokar hani ba ta kashe mota, korar ta take yi. Motar da aka ce kada ta shiga wannan gari, gobe za ka gan ta a wancan da sabuwar lamba da sabon farashi. Mu ma mun ga irinsa a gida. Da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur a Janairun 2013, baburan ba narkewa suka yi ba. Wasu an karyar da su, wasu masu su sun tafi da su wasu garuruwa, adaidaita sahu kuma ta mamaye titi, wanda yake da ita a hannu a lokacin kakarsa ta yanke saƙa. Kusan duk abin da zan faɗa a kan Landan da Jamus da Sin haka yake tafiya, yawan kuɗin ne kawai ya bambanta.

Sai dai a rarrabe, domin wannan "hani" da ake ji a rediyo iri biyu ne, kuma ba wuri ɗaya suke duka ba. Akwai wanda birni yake yi wa tsohuwar mota mai hayaƙi, kada ta shiga cikinsa. Akwai kuma wanda ƙasa ko tarayyar ƙasashe take yi wa kamfani, kada ya sayar da sabuwar motar fetur daga shekara kaza. Na farko aljihun mai tsohuwar mota yake taɓawa, kuma nan take. Na biyu masana'anta yake taɓawa, kuma yana fara aiki shekaru goma kafin ranarsa ta zo.

Mu fara da Landan, don a nan ne abin ya fi fitowa fili. A Afrilun 2019 aka shata wani yanki a tsakiyar birnin, suna kiransa ULEZ, aka faɗaɗa shi a Oktoban 2021, sannan ranar 29 ga Agustan 2023 ya haɗiye Landan gaba ɗaya. Ba a ce kada ka shiga da tsohuwar mota ba, an ce in ka shiga da ita ka biya fam 12 da rabi a duk ranar da ka tuƙa ta. Motar fetur tana tsira in ta kai matakin hayaƙin da ake kira Euro 4, wato galibin waɗanda aka yi wa rajista daga 2006. Ta dizal kuwa sai ta kai Euro 6, wato galibi daga Satumban 2015. Ka ga inda gizo yake saƙar: motar fetur ta 2007 da ta sha jiki tana wucewa kyauta, motar dizal ta 2014 mai sheƙi tana biya kullum.

Ina da ɗan'uwa da yake zaune a gefen birnin, yana aikin dare a wani gidan kula da tsofaffi, motarsa ta dizal ce ƙirar 2013, lafiyarta ƙalau, bai taɓa kwance injinta ba. Da labarin faɗaɗawar ya tabbata sai ya kira ni muka zauna da biro. Kwana biyar a mako, mako 48 a shekara, kwana 240 ke nan, ka ninka da fam 12 da rabi, fam 3,000 a shekara kafin ya zuba mai ko ya biya inshora. Kuma dokar ranaku take ƙirgawa daga tsakar dare zuwa tsakar dare, don haka wanda ya fita da daddare ya dawo da asuba sau biyu zai biya. Motar nan ba abin da ya same ta, amma a cikin Landan ta zama kaya. Ya sa ta a kasuwa, duk wanda ya kira daga cikin birnin sai ya fara tambayar lambarta ya duba ko tana biya, daga nan ba ya sake kira. Wani mutum ne daga arewacin Ingila ya zo a jirgin ƙasa ya saye ta ƙasa da abin da ya sa rai, ya tuƙa ta zuwa garinsu inda babu wannan doka. Shi kuma ya ɗauki kuɗin ya nemi ƙaramar motar fetur wadda ta girmi tasa, ya tarar kowa ita yake nema, masu ita sun ƙara mata kuɗi. Ya sayar da arha, ya saya da tsada, duk a wata ɗaya. Hukumar birnin ta ware fam 2,000 ga wanda ya yarda a murƙushe motarsa, amma fam 2,000 ba ya sayen madadinta.

Ban kawo wannan don in ce dokar zalunci ce ba. A kudancin Landan ɗin nan wata yarinya 'yar shekara tara mai ciwon asma, gidansu kusa da babban titi, ta rasu a 2013, kuma a 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya rubuta gurɓatacciyar iska a cikin abubuwan da suka yi ajalinta. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan tsohuwar tifa a cunkoson yamma ya san hayaƙin dizal ba abin wasa ba ne. Abin da yake damuna shi ne wa ake ɗora wa kuɗin gyaran iskar. Mai hali motarsa sabuwa ce, dokar ba ta ma san da shi ba. Mai aikin dare shi ya biya.

A Jamus kuma tsoro ne ya yi aikin da dokar ba ta yi ba. Bayan asirin Volkswagen ya tonu a Satumban 2015, cewa sun sa wa motocin dizal manhajar da take ɓoye yawan hayaƙi lokacin gwaji, babbar kotun harkokin mulki da ke Leipzig ta yanke hukunci a Fabrairun 2018 cewa birane suna da ikon hana tsofaffin motocin dizal. Hamburg ce ta fara a ƙarshen Mayun shekarar, kuma tituna biyu kacal ta rufe. Stuttgart ta biyo baya a Janairun 2019 da hani mai faɗi. In ka auna tsawon titunan da aka rufe, ba su taka kara sun karya ba a ƙasa kamar Jamus. Amma mai sayen mota ba yau kaɗai yake dubawa ba, yana tunanin ranar da zai sayar. Da ya fara tambayar kansa wa zai sayi dizal a hannuna bayan shekara biyar, ciniki ya ƙare. A wajejen 2015 fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a Tarayyar Turai na dizal ne, zuwa 2024 sun koma kusan 12 cikin 100. Tsofaffin kuma suka kama hanyar gabas, Poland da Romaniya da Bulgeriya, hayaƙin ya bi su can. A Delhi ta Indiya ma haka: kotuna sun ce motar dizal da ta wuce shekara 10 da ta fetur da ta wuce 15 ba za su hau titin birnin ba, sai dillalan wasu jihohi suka samu wurin sayen mota mai lafiya a farashin wadda ta kusa mutuwa.

To, sai hani na biyu, wanda shi ne ake yawan yi wa gurguwar fahimta. A Maris ɗin 2023 Tarayyar Turai ta zartar da doka cewa daga 2035 duk sabuwar ƙaramar motar da za a sayar kada ta fitar da iskar kabon ta salansa ko kaɗan. Ba a hana tuƙa tsohuwa ba, ba a hana sayar da ta hannu ba. Motar fetur da aka saya ranar 31 ga Disamban 2034 halal ce har ta tsufa. Matsakaicin shekarun motar da ke kan titin Turai ya kai 12, shi ya sa ma aka zaɓi 2035, don a ba wa na ƙarshe damar ƙarewa kafin 2050. Don haka batun a wayi gari a ga miliyoyin motoci a bakin tashar jirgin ruwa ana neman mai ɗauka bai ma taso ba. Hasali ma in sabuwar motar fetur ta daina fitowa alhali akwai masu son ta, ta hannun ce za ta yi daraja a can, Bature ya riƙe tasa ya ƙi saki.

Amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Sabon samfurin mota yana cin shekara huɗu zuwa biyar kafin ya fito, sannan a yi shekara shida ko bakwai ana sayar da shi, masana'antar inji kuma ana gina ta ne da lissafin shekaru masu yawa kafin ta maido da kuɗinta. Shugaban kamfanin da aka ce masa 2035 ƙofa za ta rufe, tun yau zai daina zuba kuɗi a sabon injin fetur. Kuma dokar ba jira take sai 2035 ba, tsani ce mai hawa-hawa. An ƙayyade wa kowane kamfani matsakaicin kabon na dukan motocin da ya sayar a shekara, ma'aunin Turai gaba ɗaya daga 2025 giram 93.6 ne a kilomita, in ka haura naka ma'aunin ka biya yuro 95 a kan kowane giram a kan kowace mota. Yi lissafi: kamfanin da ya sayar da mota miliyan ɗaya ya haura da giram biyar, tararsa yuro miliyan 475. Shi ya sa ka ji kamfanoni suna biyan Tesla kuɗi don a haɗa lissafinsu wuri ɗaya, motocin lantarkinta su sauke musu matsakaici, kamar yadda Fiat Chrysler ta yi daga 2019.

Wanda ya fara faɗuwa a wannan kokawa ƙaramar mota ce mai arha. Ribar da ke kanta kaɗan ce, in ka ɗora mata kayan tace hayaƙi da na kariya da doka ta wajabta sai ribar ta tafi. Ford ta daina ƙera Fiesta a Yulin 2023 bayan shekara 47, Volkswagen ta daina Up a shekarar. Ba dokar hayaƙi kaɗai ta kashe su ba, masu saye ma sun karkata ga manyan motoci masu tudu waɗanda suka fi kawo riba, amma tana da hannu dumu-dumu. Alhaji, nan ne nake so ka tsaya. Tokumbon da za ka sayar nan da shekara goma sha biyu ita ce sabuwar da ake ƙerawa yau. Abin da bai fito daga masana'anta a bana ba, ba zai sauka a Kwatano ko Legas nan da shekara goma sha biyu ba. Golf da Vectra da Sharon da suka riƙe hanyoyinmu na haya, masu inji mai sauƙin kai wanda yaron gareji zai kwance da safe ya ɗaure da yamma, irinsu ba a sake yin su.

Birtaniya ta bi wata hanya da ta fi nuna yadda farashi yake murɗewa. Daga Janairun 2024 ta ce wa kowane kamfani 22 cikin 100 na sababbin motocin da ya sayar su zama marasa hayaƙi, 28 a 2025, har 80 a 2030, in ya gaza ya biya fam 15,000 a kan kowace motar da ta rage, daga baya aka sauke zuwa 12,000. Kamfanin da masu sayensa ba su kai wannan adadi ba hanya biyu gare shi, ko ya karya farashin ta lantarki har a saya, ko ya rage yawan ta fetur da yake kawowa don lissafin ya daidaita. Duka biyun an yi. Ƙungiyar masu ƙera motoci ta ƙasar ta ce ragin da aka yi a 2024 ya haura fam biliyan huɗu, kuma wasu manyan kamfanoni sun fito fili sun ce gara su taƙaita motocin fetur da su biya tara. Ma'ana mai sayen ta fetur shi yake tallafa wa mai sayen ta lantarki ba tare da an gaya masa ba.

Ragin kuma yana da nasa ciwon, kuma kai dillali ka fi kowa saninsa: in sabuwa ta sauko, ta hannu rugujewa take yi. Da Tesla ta yi ta zabge farashi a 2023, duk wanda ya sayi tasa a bara ya wayi gari dukiyarsa ta ragu. Kamfanin hayar motoci na Hertz ya sanar a Janairun 2024 cewa zai sayar da motocin lantarki 20,000 daga cikin nasa a Amurka, saboda faɗuwar darajarsu da tsadar gyara. A Turai sababbin motoci da yawa ba da kuɗi hannu ake ɗaukarsu ba, haya ce ta shekara uku ko huɗu, kuma kuɗin wata ya dogara ne da abin da motar za ta yi a kasuwa ranar da aka maido ta. In ba a san wannan ba, kuɗin wata sai ya hau.

Abin da ya fi cutar da kasuwar a ganina ba tsananin dokar ba ne, kwan-gaba-kwan-baya ne. Birtaniya ta ce za a daina sayar da sabuwar motar fetur da ta dizal a 2030 a zamanin Firayim Minista Boris Johnson, Firayim Minista Rishi Sunak ya mayar 2035 a Satumban 2023, gwamnatin da ta gaje shi ta dawo da 2030 tare da bai wa haibirid, wato mai haɗa injin fetur da batir, wa'adi zuwa 2035. Jamus ta yanke tallafin sayen motar lantarki kwatsam a Disamban 2023, cinikinta ya faɗi da fiye da kwata a 2024. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa dokarta a Agustan 2022, cewa 35 cikin 100 na sababbin motoci su zama na lantarki ko masu caji daga samfurin 2026 har zuwa 100 a 2035, jihohi fiye da goma suka bi sahunta, sai majalisar dokokin Amurka ta soke izinin da jihar take dogaro da shi, Shugaba Trump ya sa hannu a Yunin 2025, magana ta koma kotu. Turai ma a 2025 ta yarda a haɗa lissafin shekara uku maimakon a ci tara shekara-shekara, kuma a Disamban shekarar Hukumar Tarayyar ta kawo shawarar a sauke burin 2035 daga 100 zuwa 90 cikin 100. Kamfanin da ya gaskata gwamnati ya rushe layin injin fetur ya gina na batir, yanzu dole ya riƙe layi biyu, kowanne ba ya aiki da cikakken ƙarfinsa. Volvo da ta yi alkawarin zama ta lantarki zalla a 2030 ta janye a Satumban 2024. Volkswagen ta cimma yarjejeniya da ƙungiyar ƙwadago a Disamban 2024 za ta rage guraben aiki 35,000 a Jamus zuwa 2030, masana'antar Audi ta Brussels ta rufe a Fabrairun 2025. Tsadar makamashi da gogayyar Sin suna cikin dalilan, amma ma'aikacin da aka sallama ba ruwansa da wanne ya fi nauyi.

Inda abin ya tafi salin-alin kuwa ba a ma yi hanin ba. Norwe buri ta sa cewa zuwa 2025 duk sababbin motoci su zama marasa hayaƙi, ba doka ba. Ta lafta wa motar fetur haraji, ta yafe wa ta lantarki harajin saye na 25 cikin 100 na shekaru da yawa, har ta lantarkin ta fi arha a wurin biya. A 2024 kusan 89 cikin 100 na sababbin motocinsu na lantarki ne. Amma ƙasa ce mai mutum miliyan biyar da rabi, mai wutar ruwa, mai arzikin man da take sayar wa wasu, ba kowa zai iya kwaikwayonta ba.

Sin ce ya kamata ka sa wa ido fiye da Turai. Su ta lambar mota suka bi. A Shanghai gwanjon lamba ake yi, takan kai kusan yuwan 90,000, a Beijing ƙuri'a ake jefawa mutum ya yi shekaru bai ci ba, amma motar lantarki aka sauƙaƙa mata hanyar samun koriyar lamba. Lardin Hainan ne ya sa ranar daina sayar da ta fetur, 2030. Suka haɗa da tallafi da masana'antun batir, kuma wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi: a Yulin 2024 motocin da ake yi wa caji suka haura rabin cinikin wata a ƙasar. To, masana'antun injin fetur da suka gina a baya fa, su yi yaya? Waje suka juya. Sin ta wuce Japan a fitar da motoci a 2023, a 2024 ta fitar da kusan miliyan shida, kuma mafi yawansu na fetur ne, zuwa Rasha da Meziko da ƙasashen Larabawa da Afirka. Turai ta ƙara wa motocin lantarkin Sin haraji a Oktoban 2024, Amurka ta sa 100 bisa 100, wannan ma yana ƙara tunkuɗo su kasuwannin da ƙofarsu take buɗe. GAC da Chery da Changan da Geely da kake gani suna ƙaruwa a titunan Abuja da Legas, wani ɓangare na labarinsu ke nan. Wanda zai yi gogayya da tokumbo mai tsada nan gaba sabuwar motar fetur ce ta Sin, dal a leda, da garanti.

Yanzu mu dawo kan filinka. Motocin Landan ba naka ba ne, sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuma ta koma bin hannun dama na titi da mota mai sitiyari a hagu tun 1972, ba a yarda da irinsu ba. Ƙananan motocin dizal na Jamus ma ba kasuwarmu ba ce, mu mutanen fetur ne. Camry da Corolla da Accord da suka cika filayen sayar da mota galibi daga gwanjon Amurka da Kanada suke, kuma can ɗin yanzu an sassauta, rijiyar ba za ta ƙafe nan kusa ba. Hanyar Turai ita ce wadda ta ba mu sunan "Beljiyam": unguwar Heyvaert a Brussels, babban birnin Beljiyam, inda ake tara motoci gareji-gareji, a cusa musu firji da katifa da tayoyi, a ɗora su a tirela zuwa tashar Antwerp, su sauka Kwatano, wasu su haura Nijar. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da motocin hannu miliyan 14, kusan 40 cikin 100 Afirka suka zo, da yawansu ba su cika ƙa'idar hayaƙi ba, wasu ma an yanke musu abin tace hayaƙin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, an sayar da shi daban saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Wannan hanyar ce ake shirin ƙuntatawa ta baki biyu. A Yulin 2023 Hukumar Tarayyar Turai ta kawo ƙudurin hana fitar da motar da ba ta ci jarrabawar lafiyar hawa titi ba. ECOWAS kuma ta amince cewa daga 2021 motar da za a shigo da ita ta kai Euro 4, ko da yake aiwatarwar tana tafiyar hawainiya. In waɗannan biyun suka kankama, mota mafi arha ce za ta fara ɓacewa, ni kuwa ban ga abin kuka a nan ba, don huhun 'ya'yanmu bai fi na 'ya'yansu ƙarfi ba. Amma direban haya da ita ce jarinsa na farko dole a yi tunanin me zai hau.

Batun farashi kuwa, kada a ruɗe ka. Daga tsakiyar 2023 zuwa 2024 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500, kuɗin fito na kwastan ya bi ta. Ko da motar ta sauko da kashi goma a Brussels, canjin kuɗi ya cinye ragin kafin jirgi ya iso. Abin da ake yankewa a Babban Banki da hukumar kwastan ya fi taɓa farashinka sau da yawa a kan abin da ake yankewa a majalisar Turai.

A nahiyarmu Habasha ce ta yi abin da ko Turai ba ta yi ba: a farkon 2024 ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal. Ba don hayaƙi kaɗai ba, don dala ce. Ƙasar tana kashe biliyoyin daloli a shekara wajen sayen mai, ga ta da wutar ruwa mai arha, babbar madatsarta ta kan kogin Nilu mai megawat sama da 5,000 an ƙaddamar da ita a Satumban 2025. Motocin lantarkin Sin sun cika Addis Ababa, amma wuraren caji a wajen birnin kaɗan ne, kayan gyara da ƙwararrun makanikai ma haka, kuma wanda yake da tsohuwar motar fetur riƙe abarsa yake yi, tunda wata ba za ta shigo ba. Najeriya da take fama da wutar da ba ta isa gidaje ba, ba ta kan wannan turba yanzu. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, iskar gas ta CNG gwamnati ta fi karkata a kai.

Da ni ne kai, ga abin da zan yi. Zan ci gaba da fetur, amma in fifita mai ƙaramin inji mara shan mai, don tun da lita ta yi tsada mai saye kafin ya tambayi kuɗin mota sai ya tambayi shanta, manyan masu silinda shida da takwas kuma suna daɗewa a fili. Zan yi hattara da motocin Turai na bayan 2015. Don su cika ƙa'idar hayaƙi an ƙanƙance injinansu an sa musu turbo da na'urori masu laushi, an gina su ne don tataccen mai da baƙin mai na musamman. Na dizal ɗinsu kuma suna da matatar toka a salansa da tankin wani ruwa da ake kira AdBlue, in man ya cika farar wuta sai matatar ta toshe, motar ta rage gudu da kanta, mai ita ya dawo maka da faɗa. Zan fara shigo da haibirid ɗaya ko biyu na Toyota, domin ba sa buƙatar caji, kuma su ne za su yawaita a gwanjon Amurka da Turai a shekarun nan tunda su ake ta saye sababbi a can. Ta lantarki zalla kuwa ba zan saya in ajiye ba sai in akwai mai oda a ƙasa wanda yake da sola ko tsayayyiyar wuta, kuma ba zan biya ko kwabo ba sai an jona na'ura an nuna mini lafiyar batirin, kashi nawa ya rage daga ƙarfinsa na asali, don batir shi ne abu mafi tsada a jikinta, zafin ƙasarmu kuma yana saurin gajiyar da shi.

Sannan in akwai yaro mai kaifin kai a garejin da kake kai gyara, ka ɗauki nauyinsa ya je ya koyi aikin haibirid da na'urar gano matsalar mota. Wayoyin nan masu ruwan lemo da ke cikin irin waɗannan motoci suna ɗauke da wutar ɗaruruwan bolt, wanda ya sa musu sifana da hannu tsirara kamar yadda ya saba da batirin bolt 12 zai iya rasa ransa. Na ga haibirid mai lafiya da ta yi watanni a ajiye an ce batirinta ya mutu, ashe fankar da take sanyaya batirin ce ƙurar hunturu ta toshe a ƙarƙashin kujerar baya. Mai ita har ya fara neman wanda zai saye ta a kuɗin gangar jiki.